Ƙaurin Shekarar Gobara

Ana saura kwana biyu a sayar da gonar inabin, uwar gona Madam Viljoen ta kira Sufeto Jafta. Mai sayen ya rantse cewa kwalaben giya shida na shekarar gobara jabu ne.

Jafta bai tambayi hanya ba, don a gidajen leburorin gonar aka binne cibiyarsa. Yana sauka ma'ajiyar giya ta ƙarƙashin ƙasa, ƙamshin gangunan katako ya tare shi, kewa ta kama shi.

Ya buɗe kwalba ɗaya ya shinshina. Tsaf take, ba aibi, kuma nan gizo ke saƙa. Shekarar da dutse ya kama da wuta, hayaƙi ya yi mako a kan inabi, giyar ta fito da ƙauri. Wannan kuwa ko ƙaurin ashana babu.

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Daga ni sai Kawu Moos," in ji Madam.

Kawu Moos, tsohon mai kula da ma'ajiyar, shi ya koya wa Jafta shinshina.

"Kawu, ba ka ji an musanya giyar ba?"

"Da wane hancin, ɗan Sanna? Mura ta kashe shi tun bara. Ko bunsuru ya gifta ba na ji."

Jafta ya so ya yarda, wallahi ya so. Amma ya zaƙulo wata kwalba mai ruɓaɓɓiyar toshiya, ya tsiyaya a kofi ya miƙa masa.

"To, sha ta bankwana."

Kofin bai kai baki ba tsoho ya yamutse fuska.

"Kai, sakarai! Warin jiƙaƙƙen kwali za ka ba ni? Haka na koya maka?"

Sai ya ajiye kofin, ya gane hancinsa ya tona masa asiri. Mai hali ba ya fasa halinsa.

"Ina ta ainihin, Kawu?"

"Na juye a kabarin Katryn, matata. Ita ta tsinki inabin nan cikin hayaƙi, tari bai sake ta ba har ta tafi. Sai baƙo ya zo ya sha ƙaurinta, ya tofar, ya ce aibi ne?"

Jafta ya mayar da ankwa aljihu. Ya kama hannun tsohon suka nufi mota, suna hawa matakalar da tsohon ya saba riƙe masa hannu a kanta yana yaro.

"Kula da ta huɗu, Kawu," in ji shi. "Har yanzu tana motsi."