Kofuna Biyu a Ɗakin Gwajin Jini

Da safe wata mata ta ajiye takardun gwajin jini shida, na wata-wata, a teburin Sufeton 'yan sanda. Mahaifiyarta, tsohuwar malamar makaranta, tana kwance a asibiti, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta. Wata shida tana haɗiyar maganin rage kitsen jini, ga shi sabon gwaji ya nuna kitsen nata ƙalau yake.

Sufeto ya nufi ɗakin gwajin da ya ba da takardun. Ma'aikata biyu ne: wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, da wata yarinya sabuwar ma'aikaciya. Sa hannunta ne a duka shidan, kuma kotu ba ta san hawaye ba.

"Ke kika auna jinin?"

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin jininta ba. Baba kan ce in sa hannu a fom tun da safe, ya cike daga baya."

Baba ya ce, "Na'urar ce ta tsufa, kamar mai ita."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya sa yarinyar ta ɗiga sinadari a ruwan jinin gwaji, ya koma ja-ja, na'ura ta ba da lamba daidai. Ya ce a buɗe sakamakon baya da na'urar ta ajiye. A ranakun da malamar ta zo, ɗari da saba'in ta nuna. Takardu kuwa sun ce ɗari biyu da casa'in.

Bayan firiji ya hango kofuna biyu a kife.

"Na wa ne na biyun?"

"Ni ba na shan shayi," in ji yarinyar.

Baba ya zauna.

"Malamar ba ta karyawa kafin a ɗebi jini, in an gama sai in haɗa mana shayi. Tun da matata ta rasu, ita kaɗai ke tambayata yadda na kwana. In na rubuta gaskiya, sai baɗi za ta dawo, ba duk wata ba. Wallahi ban zaci maganin zai kayar da ita ba. Ku bar yarinyar nan."

Tausayi ya kama Sufeto, don shi ma kofi ɗaya ne a gidansa. Amma ya ɗaga wa kofur ɗin da ya rako shi hannu, a tafi da Baba.

A bakin ƙofa Baba ya juyo.

"Malamar ta tambaye ni?"

Sufeto, wanda bai ko ga malamar ba, ya ce, "Ta tambaya. Ta ce a gaya maka wannan watan ba za ta samu zuwa ba."