Hoton Gokul Maiti

Likita ya ce mahaifiyata ba za ta kai asuba ba. Ita kuwa abu ɗaya take roƙo, ta ga fuskar babanta, Gokul Maiti, golan farko na kulob ɗin unguwarmu, wanda ya faɗi ya mutu a fili tana ƙarama. Na karaɗe birnin Kolkata, ba mai hotonsa.

Tsakar dare na koma tsohon ɗakin kulob ɗin a filin Maidan, ina dukan ƙofa kamar mahaukaci.

"Za ka karya ta, yaro."

Wani saurayi ne a kan benci, yana ɗaure bakin ƙwallon fata. Ba takalmi a ƙafarsa, ɗanyen taɓo na ɗiga daga yatsunsa, alhali an daɗe rabonmu da ruwan sama.

"Don Allah, ɗan'uwa, ina zan sami hoton Gokul Maiti? Uwata na mutuwa!"

Ya yi dariya, amma ƙirjinsa bai motsa ba.

"Putul dai har yanzu ba haƙuri."

Sunan nan na mahaifiyata, a bakin marigayiya kakata kaɗai na taɓa jin sa.

Ya miƙe.

"Na ce mata zan ɗauke ta in an tashi wasa. Wuce gaba, nuna min asibitin."