Ƙishirwar Alhaji Labbo

A gabas da Unguwar Lalle akwai wani ƙauye da ba za ni faɗi sunansa ba, domin dangin mutumin suna nan da ransu. A maƙabartar ƙauyen, can gefen itatuwan aduwa, nan ake binne 'yan siyasa. Ba wanda ya tsara haka. An kai na farko can ne don taron jana'izarsa ya yi wa tsakiyar maƙabarta yawa, sauran kuma suka bi. Babbansu shi ne Alhaji Labbo, tsohon ɗan majalisa, wanda ya mutu ya bar shanu da rumbuna da jama'a.

Kalilu kuwa dillalin awaki ne a kasuwar Isa. Da shekarun fari suka zo, awaki suka koma ƙashi da fata, ba mai saye. Kullum ya bi ta maƙabarta sai ya ga sawun masu ziyara a kabarin Labbo, ya ce a ransa matacce ma ya fi shi mutane.

Wata rana da tsakar rana ya tafi kufan da ke bayan Alƙalawa, wurin wani boka mai suna Bawa. Bukkar tana gindin busasshiyar tsamiya. A ciki tukwane ne a kife, da ƙahonin raguna an naɗe su da jan tsumma, da tuluna jere har ƙofa. Ƙasar ɗakin a jiƙe take, tana ƙamshin ruwan farko, alhali rabon garin da ruwa har an manta. Leɓunan Bawa kuwa duk sun tsage.

"Mi kaka biɗa, ɗan kasuwa?"

"Abin da Labbo ya samu, Baba."

"Bai tahi da shi ba. Yana nan ƙarƙashin kainai. Sai dai yana jin ƙishi."

Kalilu ya ja da baya. "In jini na, ni ba ni iyawa."

Bawa ya yi dariya har da tari. "Ku dillalai, ba ku yarda da abu sai ya yi tsada. Ruwa, wawa! Ruwan randar gidanka. Ka zuba mai da hannunka, kak ƙasar ta bushe."

"Hal yaushe?"

"Hal shi ce ya ƙoshi."

"In tahiya ta kama ni hwa?"

"Kak ta kama ka."

Ya ɗauko wata baƙar butar ƙarfe, ya tofa mata, ya kira sunan Labbo a bakinta, ya miƙa da hannu biyu. "Ce ka karɓa." Kalilu ya ce ya karɓa. Nan take Bawa ya kafa kai a tulu, ya sha ruwa kamar raƙumi, yana sha yana hawaye. Kalilu bai tambayi dalili ba.

Abin ya zo da sauri. Aka ba shi rabon hatsin agaji na yankin, ya sayi shanun makiyaya a wulaƙance, ya gina gidan siminti. Masu ziyarar Labbo suka koma zaurensa. Da zaɓe ya zo, ko yawon neman ƙuri'a bai yi ba ya ci kujerar majalisa.

Amma buta guda ta daina isa. Ya zuba, kafin ya juya ƙasa ta shanye ta yi fari. Ya koma tulu, ya koma jaki da garewani, duk sai ya juye a butar ya zuba da hannunsa. Mata na kwana a bakin rijiya don guga guda, shi yana shayar da kabari.

Ranar rantsarwa ya yi sammako ya jiƙa wurin har ya yi taɓo, ya hau mota zuwa Sakkwato. Kafin ya dawo mahaifiyarsa Adda ta rasu. Matarsa Habi ce ta tare shi a ƙofa.

"Ruwa taka kira, Maigida. Na ba ta kwanon sha ta shanye, na ba ta tulu ta shanye, halshenta kamar ɓawon icce. Mi ka yi muna?"

Ya ɗauki buta ya ruga maƙabarta.

Daga nan bai sake wuce kasuwar ƙauyen ba. Kujerarsa ta majalisa ta zauna ba kowa har sojoji suka rushe ta. Ya aika a nemo Bawa, ɗan aiken ya tarar da bukka a buɗe. Wani makiyayi ya ce masa, "Ai tsohon ya ƙetare Nijar. Shekaru yana jigilar ruwa zuwa garinku, bai taɓa nisa ba, sai da ya samu wanda ya karɓe shi." A ranar Kalilu ya gane yadda ake fita.

Zazzaɓi ya kwantar da shi wuni guda, ƙaramar ɗiyarsa ta bi kakarta. Habi ta zauce. Ta rungume randa ta hana kowa taɓawa, tana lasar gefenta tana rera waƙar reno. Shanu suka tafi a sayen ruwa, gidan ma ya bi su. Ya kafa rumfar kara a gefen kabarin ya tare.

Nan babban ɗansa Lawwali ya same shi, ya dawo daga cin rani a kudu, bai san komai ba. Ya ga uban ya rame, ruwa na zuba a ƙafarsa.

"Baba, wanga wane irin aiki na? Kawo butar in kama maka, ka huta."

Kalilu ya dubi hanyar da ta miƙe zuwa Sabon Birni, motoci na wucewa. Hannunsa ya ɗaga da kansa. Kalma ɗaya ta rage saurayin ya faɗa, ya ce ya karɓa. Har yatsun Lawwali sun taɓa ƙarfen, sai uban ya fizge, ya ture shi ƙasa.

"Tashi ka ba ni wuri, ɗan banza! In ka sake tako garin ga ban yahe maka ba, duniya da lahira!"

Lawwali ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya tafi yana kuka. Bai sake dawowa ba, bai kuma taɓa sanin abin da aka yi masa ba.

Daga baya Allah ya kawo damina. Ranar ruwan farko yara suka fito suna tsalle, kwari ya cika, maƙabarta ta jiƙe kaf. Kalilu ya tsaya cikin ruwan yana dariya, ya juya ya dubi kabarin Labbo. A bushe yake ƙayau, ruwa na kauce masa ta kowane gefe. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya durƙusa ya tara butarsa.

Kai mai hangen abin wani, ka ji tsoron Allah. Duk wanda ya ce zai ba ka duniya a kan ɗan abu kaɗan, dubi leɓunansa kafin ka miƙa hannu. Wataƙila ba sayar maka yake yi ba, sauke kayansa yake yi a kanka.