Motar da Ba Ta Neman Ƙafar Hagu

"Wannan mota ce, ko keken guragu?"

Baba ne ya faɗi haka da ƙarfi, yana leƙen ƙasan sitiyarin farar motar, inda ya tarar da abin takawa biyu maimakon uku.

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji ƙarar sanda a kan tayil daga bayanmu.

Kwas... kwas...

Ƙarar ta tsaya cak.

Ko ban juya ba na san Mai Hoto ne, mutumin da nake so. Yana tsaye a ƙofar gilashi ta gidan sayar da motocin, kyamara a wuyansa, sandar ƙarfe a hannunsa.

"Au, ka iso?" in ji Yaya Dillali, ɗan goggona, wanda yake aiki a wurin. "Ni na kira shi, Kawu. Na ce ya zo ya ɗauki Auta hoto da sabuwar motarta."

Ya yi murmushi har da gyaran hula. Ya daɗe yana nemana ina zillewa, kuma shi ya ja Baba gaban motar otomatik ɗin da gangan, don ya san bakin kawunsa ba shi da birki.

Mai Hoto ya rusuna ya gaida Baba, ya juya ya fita.

"Masoyi!"

Na manta a gaban Baba nake. Na bi shi da gudu, gyalena yana ja a ƙasa.

A ƙarƙashin wata bishiya kusa da get na cim masa. Bai dube ni ba.

"Koma ki zaɓi jar nan mai giyar hannu, Auta. Na hango yadda kike shafa ta."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min ciwo. Ni 'yar direban babbar mota ce. Tun kafin in iya ɗaura ɗankwali da kyau Baba ya koya min sakin kuloci a hankali a wani filin ƙwallo. Ina son jin injin yana roƙon giya ta gaba, ina son hannuna ya ba shi. A wurina tuƙin manuwal hira ce tsakanina da mota.

Amma tun da wata mota ta buge Mai Hoto bara, ƙafarsa ta hagu ta daina jin magana. Ba ta taka kuloci. Daga nan Baba ya canja. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba zai iya ɗaukarta a mota ya kai ta asibiti ba in rana ta ɓaci.

"Farar nake so," na ce.

"Ƙarya kike."

"To ƙarya nake. Kai nake so, ita kuma farar ta zo tare da kai."

Ya rufe ido.

"Rabin raina, kada ki sayi mota don tausayi. Kullum na gan ki a cikinta zan tuna abin da kika bari saboda ni."

"Ka san abin da nake gani idan na rufe ido?"

Ya buɗe ido ya dube ni.

"Hanya nake gani, doguwa, an gama ruwan sama, kwalta tana sheƙi. Gilashi a sauke. Ina kujerar gefe na cire takalmi, kyamararka a cinyata, ina ɗaukar gajimare duk hotunan suna fitowa a karkace, kana yi min dariya..."

"Auta..."

"A mafarkin nan ban taɓa duba giya ba. Fuskarka nake kallo."

Ya sauke numfashi mai nauyi, ya ce a hankali, "Ban sake taɓa sitiyari ba tun ranar. Tsoro nake ji. Wannan ne ban faɗa miki ba."

Na matsa kusa da shi.

Can sai ga farar motar ta fito daga rumfa. Baba ne a sitiyari, Yaya Dillali a gefensa yana ta zuba kamar kanya. Na san Baba, gwada ta zai yi don ya samu abin kushewa.

Ta taho sumul, ta ɗan ɗauki gudu ta nufi get. Daidai inda direban manuwal zai canja giya, ƙafar Baba ta hagu, wadda ta yi rayuwarta tana taka kuloci, ta tashi da kanta ta nemi abin takawa.

Birki ta samu.

Ƙiiiii!

Motar ta dunƙule wuri ɗaya. Goshin Yaya Dillali ya gaisa da gilashi, hularsa ta faɗa tsakanin ƙafafunsa.

"Kawu! Birki ne wannan!"

"Na sani! Rufe min baki!"

Baba ya sake tayarwa, ya yi gaba kaɗan, ƙafar ta sake yin halinta.

Ƙiiiii!

Wannan karon Yaya Dillali ya ɓalle ƙofa ya fice dafe da hanci, ko waiwaye bai yi ba. Motar ta tare get, masu son shigowa suka fara danna hon.

Baba ya fito yana share gumi. Ya dube ni.

"Zo ki kawar da ita."

"Baba, ai ƙafata 'yar ƙafarka ce. Abin da ta yi maka shi za ta yi min."

Allah ya yafe min, zan iya lallaɓawa in na so. Amma ban motsa ba.

Baba ya dubi layin motocin, ya dubi ƙasa, sannan ya dubi Mai Hoto. Girman kai da kunya suka yi kokawa a fuskarsa.

"Kai, yaro... za ka iya?"

Mai Hoto ya dubi motar, ya dube ni.

"Ina gefenka," na raɗa masa.

Ya taka a hankali har bakin motar. Ya miƙo min sandar da kyamarar, ya zauna, ya kama ƙafar hagu da hannu biyu ya ajiye ta gefe. Baba ya shiga baya, ni na shiga gaba.

Ya yi bismillah, ya ja giyar sau ɗaya.

Motar ta zame ta fita kamar kwalekwale a kan ruwa.

"Zaga da mu," in ji Baba daga baya, murya a daƙile. "In ga iyakarta."

Muka wuce shagunan taya, muka wuce wata makaranta da ake tashi. A wurin danja ya tsaya ba ko girgiza. Gumi yana bin gefen kunnensa, amma kafaɗunsa sun fara sauka. Rana ta yi sanyi, haskenta yana ratsa ganyen bishiyoyin gefen titi yana wasa a kan hannayensa. Wani mai keke ya gitta ba zato, ya rage gudu ya ba shi hanya.

"Hmm," in ji Baba.

Daga nan ban ƙara jin motsinsa ba.

Mai Hoto ya dube ni da gefen ido.

"Ina tuƙi, Auta..."

"Kana tuƙi, Masoyi."

Hawaye suka zubo min, ban share ba. Daɗi ne ya yi min yawa, har nake jin kamar motar ba ta taɓa ƙasa.

Na waiwaya don in ga fuskar Baba.

Barci yake.

Kansa a jingine, bakinsa a ɗan buɗe. Baban da ko Mama ba ta taɓa ganin ya runtsa a motar da wani yake ja ba, wanda yake taka birkin iska in yana kujerar fasinja.

"Mu juya?" Mai Hoto ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"A'a. Ci gaba."

Muka yi ta tafiya har gidaje suka fara tazara. Da muka dawo ya tsaya a gaban rumfar, shirun injin ne ya farkar da Baba. Ya mutsuke ido, ya dubi waje, ya dube mu. Sai ya tsayar da idonsa a kan Mai Hoto.

"Maganar da na yi ɗazu, bakina ne ya riga hankalina. Ka yafe min."

"Ba komai, Baba."

Ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a waje, ya tsaya.

"Auta, je ki ce farar za a ba ki. Kai kuma ka gaya wa iyayenka ina gida, su zo su same ni."