Giram Saba'in

"Ɗari tara da talatin!"

Baba bai ɗaga murya ba, amma Auta ta ji shi sarai. Ta tsaya a ƙofar ɗakinsa tana kallon tebur. Ledoji shida ne a jere, na sukari da na shinkafa da na wake, kowace ɗauke da tambarin babban kantin da take aiki, kowace an rubuta mata kilo ɗaya. A gefensu ga tsohon sikelinsa da duwatsun awo na tagulla, waɗanda ya yi shekara arba'in yana gyara sikelin mutane da su.

"Duk shidan na auna. Kowace ta rasa giram saba'in."

"Baba... wa ya kawo maka su?"

"Wata doguwar yarinya daga wurin aikinku. Ta ce shekaranjiya jami'an awo suka shiga kantin, kuma shugaban sashenku ya sa hannu cewa shi ya saita sikelin a haka."

"Innalillahi!"

Shugaban sashen shi ne saurayin Auta, wanda saura mako uku a ɗaura musu aure. Don shirin auren ma ta karɓi hutun kwana huɗu, shi ya sa labarin bai same ta ba.

"Da hannunki kike ƙulla waɗannan ledoji, ko ba haka ba?"

"Da hannuna, Baba."

"To ya mayar da hannun 'yata hannun sata, ita ba ta sani ba." Ya cire tabarau ya ajiye a hankali. "Auta, na taɓa hana ki abin da kike so?"

"A'a..."

"Yau zan fara. Mai tauye awo ba zai zauna a kan tabarmata a matsayin suruki ba."

Ba ta san lokacin da ta fita ba. Takalmin wanka ne a ƙafarta har ta isa kantin.

Doguwa, mai kula da jera kaya, tana tsaye a layin hatsi tana kwashe ledoji tana zubawa a keken kaya. Shekara biyu ta yi tana kai wa shugaban sashen shayi har teburinsa kafin a ɗauki Auta aiki, kuma ba ta taɓa yafe wa Auta wata biyar ɗin da suka biyo baya ba.

"A'a, amarya! An fasa hutun ne?"

"Ke kika je gidanmu?"

"Ni kuwa. Na ga Babanki gwani ne, na ce bari ya ɗan motsa hannu." Ta yi murmushi, amma idonta ja ne. "Ni na kira jami'an ma, in kina son ji. Sai dai ba shi na nufa ba, wawan ne ya tare da ƙirjinsa."

Auta ba ta tsaya neman fassarar maganar ba. Ta tura ƙofar ɗakin da ake ƙulla ledoji.

Saurayin nata yana nan, yana zuba takardunsa a kwali. Ya rame a kwana biyu kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Autata..."

"Kar ka kira ni haka! Gaskiya ne?"

"Na sa hannu."

"Ba sa hannu na tambaye ka ba. Kai ka yi?"

"Ki koma gida, rabin raina. An dakatar da ni, magana ta ƙare."

"Ta ƙare? Baba ya ce ya fasa!"

Ya runtse ido, ya dafa kwalin.

Ta juya don kada ya ga hawayenta, sai idonta ya faɗa kan teburin aikinta. Sikelin lantarki yana kunne, kwanon awo na roba yana zaune a kansa fanko, fuskar sikelin tana nuna sifili. Wani ya bar kwanon da ƙurar fulawa. Hannunta ya yi abin da ya saba ba tare da ya nemi izininta ba: ta ɗauke kwanon don ta wanke.

Lambar ta sauya. Saba'in, da ɗan layi a gabanta.

Ta mayar da kwanon. Sifili.

Ta sake ɗaukewa. Saba'in ƙasa da sifili.

Sai komai ya jeru a gabanta, ɗaya bayan ɗaya, kamar ledojin teburin Baba. Dattijon da ta gada a wannan aiki a kan sikelin yake barin kwanon ya kwana, da safe ya kunna, sikelin ya fara lissafi daga sifili da kwanon a kansa. Ita kuwa tun ranar farko take wanke kwanon da yamma ta rataye a ƙusa. Da safe ta kunna sikelin babu komai a kansa, ta ɗebo daga buhu da kwanon, ta ɗora, ta ƙara ko ta rage har ya nuna dubu cif. Ba ta taɓa ɗora shi fanko ba. Wata biyar tana sayar wa mutane nauyin kwano a madadin abinci.

"Ni ce..."

"Auta."

"Ni ce! Wayyo Allah, ni ce!"

Ta zauna a kan buhun shinkafa, kwanon a cinyarta.

"Ba da gangan kika yi ba," ya ce, ya durƙusa a gabanta. "Ni ya kamata in nuna miki. Ranar da na koya miki aikin, wallahi ban san abin da bakina yake faɗa ba, ke nake kallo."

"Yaushe ka gane?"

"Suna cikin awo na ɗaga kai na ga kwanon a ƙusa."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Da wane baki za a ce 'yar mai gyaran sikeli ce ta tauye awo? Babanki ba zai ƙara ɗaga kai a cikin mutane ba. Ni in an kore ni, zan sami wani aikin."

"Ni fa? Za ka sami wata ni?"

Ya miƙo hannu zai karɓi kwanon, ta janye.

"Ka ji abin da ka shirya min, masoyi? In shiga ɗakinka da haƙƙin mutane a wuyana, ina dariya, ban sani ba! Akwai matar da take zuwa duk Litinin, kilo ɗaya na shinkafa take saye, ta ce min shi take rabawa yaranta kwana uku. Ta taɓa tambayata ko shinkafar ce ta daina auki. Na yi mata dariya! Na ce ai yaran ne suke girma!"

"Hasken idona, don Allah..."

"Tashi. Ofishin mai kanti za mu."

Ta faɗa da bakinta a gaban mai kantin, ta ɗora kwanon ta ɗauke har sau uku yana kallo da baki buɗe. Washegari ta maimaita a gaban jami'an awo. An ci kantin tara, an sallame ta, saurayin nata kuma an mayar da shi aiki da takardar gargaɗi saboda ƙaryar da ya sa wa hannu. Abu ɗaya ta roƙa, aka kuwa yi mata: a ajiye tebur a bakin ƙofa da sanarwa, duk wanda ya taɓa sayen ledar a cika masa abin da aka tauye. Doguwa ce ta liƙa sanarwar, ba ta kalli kowa ba.

Wurin Baba ya fi wuya.

Bayan la'asar suka shiga, saurayin ya tsaya daga bakin ƙofa. Auta ta ɗora kwanon a kan tsohon sikelin.

"Auna wannan, Baba."

Ya sa dutsen hamsin, ya ƙara na ashirin. Hannun sikelin ya tsaya daidai. Ta ba shi labarin, ba ta rage komai ba.

"Me ya sa kike ɗauke kwanon da yamma?" Baba ya tambaya.

"Kai ka koya min. Ka ce ba a barin sikeli ya kwana da nauyi a kansa, ƙarfensa gajiya yake."

Baba ya dube ta, ya dubi kwanon. Ya sauke duwatsun daga kan sikelin ɗaya bayan ɗaya.

"Wancan sikelin ƙarfe ne, 'yar nan... Na koya miki rabin sana'a, na bar rabi, ina ta alfahari." Ya ɗago ya dubi ƙofa. "Kai kuma, maƙaryaci, shigo."

Ya shigo ya durƙusa.

"Na ce maka ɓarawo a gaban 'yata, ka yafe min. Amma ka ji da kyau: in ka sake rufe mata laifi irin wannan, ni da kai ne. 'Yata ba ƙwai ba ce."

"Na ji, Baba." Ya miƙe tsaye.

"Zauna a tabarmar mana, ka tsaya min a kai kamar jami'in awo!"

Auta ta yi dariya da hawaye a fuskarta.

An ɗaura auren a ranar da aka sa. Kafin nan da bayan nan, kullum da safe Auta tana zaune a teburin bakin ƙofa ba albashi, Baba a gefenta da duwatsunsa na tagulla, suna cika wa mutane awonsu. Da yawa sun zo. Wasu sun yi faɗa, wasu sun yi dariya sun ce a bar shi.

Matar ranar Litinin ba ta zo ba. An ce sun tashi daga unguwar, ba wanda ya san inda suka koma.

Auta ta auna rabonta na Litinin ashirin da biyu, ta ƙulla da hannunta, ta kai gidan aurenta ta ajiye a cikin kwanon. Duk Litinin mijinta yakan tarar da ita a bakin kantin da ledar a jaka, tana duban fuskar duk macen da ta shigo.

"Mu tafi gida, Autata?"

"Ɗan jira kaɗan, masoyi. Wani lokaci takan makara."