Ƙonannen Tattasan Teta Zorka

Tun da sassafe hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan su Bisera a Strumica, don kuwa ranar dafa aivar ce, wato markaɗen jan tattasai da ake shafa wa burodi. Jiya aka wuni ana gasa jan tattasai ana ɓare shi, yau an niƙa an juye a ƙatuwar tukunya da mai, saura juyawa. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san dokar: awa huɗu muciya ba ta tsayawa. In ta tsaya ya kama, in ya kama kuwa, abin da za a ci da burodi duk tsawon hunturu ya tafi. Kuma a gidan da aka sa wa 'ya zobe, kowa ya san wa ake miƙa wa muciyar.

"Ga ta nan, Meto!" in ji Zorka, mahaifiyar Bisera, macen da in ta yi raɗa a kicin ana jin ta a bakin titi. "Mu ga ko hannun da ya iya riƙe 'yata ya iya riƙe itace."

Metodi, saurayin Bisera da ake kira Meto, ya karɓa. Bisera ta saci kallonsa. Meton da ta sani, da tuni ya mayar da baƙar magana har sai Mama ta bi shi da tsumma. Shi ne fa wanda ya taɓa tsayar da motar haya a tsakiyar kasuwa don kawai ya rera mata waƙa. Amma bara mahaifinsa ya rasu, ciwon damuwa ya kwantar da shi wata uku, ba ci ba fita, har sai da likita ta ɗora shi a kan magani. Maganin ya tashe shi, wannan ba wanda zai musa. Ya koma aikinsa na gyaran lantarki, ya daina kuka. Sai dai dariyar ma ta tafi tare da kukan.

Mata suna can ciki suna wanke kwalabe sa'ad da ƙauri ya shigo ta taga. Zorka ta yi waje a guje, Bisera na biye. Ga Meto zaune a kan kujera, muciya a tsaye cikin tukunya, shi kuma ya ƙura wa bango ido.

"Wayyo ni Zorka! Ya kama! Buhu huɗu! Meto, barci kake yi ko mutuwa ka yi?"

Ya dubi tukunyar, ya dubi Teta, wato inna, kamar yadda yake kiranta. "Sori, Teta. Ya ƙone."

"Ya ƙone? Abin da za ka ce ke nan? Ya ƙone?"

Ba ƙonuwar ce ta fi yi mata ciwo ba. Surukai nawa suka ƙona aivar a Strumica? Amma sukan kama kai, su yi rantsuwa, su ruga kasuwa neman wani tattasan. Shi kuwa wannan ko girarsa ba ta motsa ba.

Da ya tashi tafiya Bisera ta raka shi bakin ƙofa, idonta ya kawo ruwa.

"Meto, faɗa mini gaskiya. Kana sona?"

Ya tsaya, ya dube ta. "Na san ina sonki, Bisera. Na sani kamar yadda na san sunana. Jinsa ne ba na yi. Da kukan mamanki, da tukunyar, da ke da kike tsaye nan, duk kamar ta bayan gilashi nake kallonku. Ina ganin yana ƙonewa, na ce wa hannuna ya juya, ya ƙi. Ban ga dalilin juyawar ba."

"Tun yaushe?"

"Tun da na fara shan maganin nan, ina jin."

"Ka faɗa wa likita?"

"Ta tambaye ni ko ina kuka, na ce a'a. Ta ce madalla."

Washegari Zorka ta yanke hukunci, tana goge tebur kamar shi ya yi mata laifi.

"Abu biyu, ki zaɓa. Ko ya watsar da ƙwayoyin nan a shara yau, ya sha shayin ganyen dutse kamar iyayenmu, ko ki mayar masa da zobensa. Ba zan aurar da 'yata ga kujera ba!"

"Mama, ba a yanke wannan maganin rana ɗaya. Na karanta takardar da ke cikin kwalin. Zai iya komawa gidan jiya, ko ma fiye."

"To zobe!"

"Shi ma ba zan cire ba."

"Vangel, kana ji? Ka yi magana mana!"

Vangel, mahaifin Bisera, ya ɗago daga jaridarsa, ya ce lallai maganar tana da nauyi, ya sake sunkuyawa. Shekara talatin da aure sun koya masa inda ake tsayawa.

Zorka kuwa ba ta iya zubar da abinci ba, ko da ƙonanne ne. Ta ɗura aivar ɗin nan mai ɗaci a kwalba ashirin, ta sa aka kai gidan su Meto da saƙo: wanda ya dafa, shi zai ci. Unguwa ta ɗauka. Wata maƙwabciya har da kawo hoton ɗan ƙanwarta da ke aiki a Jamus, wai a duba kawai. Bisera ta sha kuka a ɗaki, ba sau ɗaya ba. Akwai zafi a son mutumin da kika rungume shi ya tsaya ƙiƙam, kuma ta ji zafin nan sosai. Amma da ta gama kukan sai ta wanke fuska, ta ɗauki biro.

Ranar Litinin ta tasa shi gaba har asibiti. Da likita ta tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi, sai Bisera ta zaro takarda.

"Dakta, yi haƙuri, ba da sauƙi ba ne. Ƙungiyarsa ta ci ƙwallo, bai tashi ba. Yayarsa ta haifi ɗa, ya ce to. Ya ƙona aivar ɗin surukarsa, ya ce sori."

Likitar ta ajiye biro. "Na surukarsa? To lallai magana ta girma." Sannan ta juya gare shi. "Metodi, wannan abu yana faruwa da wasu masu shan irin maganin nan, kuma da ka faɗa tun farko da mun duba. Wani lokaci maganin ne, wani lokaci sauran ciwon ne. Za mu rage shi sannu a hankali, in bai yi ba mu canza. Amma kada ka kuskura ka daina da kanka. Kuma ba mako ɗaya ba ne, ku sani."

Ba mako ɗaya ba ne kuwa. Ragewar farko ba ta yi ba, aka canza wani, ya yi kwana goma yana fama da jiri. Kullum da safe Bisera takan biya ta gidansu kafin ta wuce shagon ɗinkin da take aiki, ta tarar da shi yana shafa ƙonannen aivar a burodi, yana ci kamar mai cika aiki. Mahaifiyarsa ta ce a zubar, ya ce duk ɗaya ne a wurinsa. Haka ya bi kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya har dusar ƙanƙara ta sauka.

Wata safiya a watan Janairu, ya kai loma baki sai ya tsaya. Ya yamutsa fuska, ya tofar a faranti.

"Kai! Wannan wace irin masifa ce? Toka ce ko abinci? Wa ya dafa wannan?"

"Kai ne," in ji Bisera a hankali.

Ya dubi kwalbar, ya dubi sauran da ke jere a kan kanta, wankakku, babu komai ciki. Sai ta ga kunnuwansa sun yi ja. Ya dafe kai.

"Buhu huɗu, Bisera. Matar nan ta wuni tana ɓarewa, yatsunta duk sun ƙone. Na ce mata sori. Ke kuma... ke kuma a bakin ƙofa..." Sai ya fashe da kuka wiwi.

Bisera ta rungume shi tana dariya, hawaye na zuba. Ba ta taɓa tsammanin za ta yi murna da kukan namiji haka ba. Wannan karon da ta riƙe shi, shi ma ya riƙe ta, har sai da ta ce ya sassauta kada ya karya mata haƙarƙari.

A garin nan ana iya yafe maka abubuwa da yawa, ban da riƙe wa mace kwalabenta. Da hantsi Meto ya jera su a kwali, ya cika kowace da 'ya'yan bishiyar mahaifinsa, tunda ba a mayar da kwano wayam, ya sallama a ƙofar Zorka.

"Teta, na zo neman gafara. Na cinye, saura rabin kwalba da ta gagare ni. Ban taɓa cin abu mai muni irinsa ba, kuma ni na jawo."

Zorka ta dubi idanunsa da suka kumbura. Ta sunkuya ta duba kwalin, ta daɗe tana dubawa, don kada a ga nata idon.

"Murfi ɗaya ba nawa ba ne."

"Na sani, Teta. Naki na riƙe, don in sami dalilin dawowa gobe."

"Ji ɗan banza! Bakin ya dawo ke nan?" Ta zaro tsumma daga kafaɗa ta maka masa. "Shigo ciki, sanyi zai kashe ka! Vangel, tashi ka ba surukinka kujera!"

A watan Mayu aka ɗaura auren a coci. Har yau Meto yana shan maganinsa, wanda ya dace da shi, yana kuma zuwa wurin likita a kan lokaci. Darasin a fili yake: in naka yana shan magani ka ga ya yi sanyi, kada ka ce ya daina sonka, kada kuma ka sa shi ya watsar da maganin. Ka raka shi wurin likita, ka faɗi abin da shi ya kasa faɗa, sannan ka yi haƙuri kamar Bisera.

Da kaka ta zagayo, Zorka ta sake miƙa masa muciya. Awa huɗu yana juyawa yana waƙa, da muryar da ta sa karen maƙwabta haushi. Zorka ta leƙo ta taga ta ce ya rufe mata baki, amma da ya yi shiru na minti ɗaya, ita ce ta fito a guje tana tambayar lafiya.