Girar Mai Wanki

Ni na fara ganin ƙofar rumfar a wangale, kuma duk wanda ya ce ya riga ni, mafarki yake yi. Mutumin da ya fito da ƙafarsa daga gobarar tankar mai, idonsa ba ya yi masa ƙarya, ko da bai san bihim ba.

Rumfar ta maƙwabciyata ce, Uwar Ɓawo. Takan tara ɓawon abarba da lemo da ayaba, ta jiƙa a ganguna da yis ɗin kumbura burodi har ya yi tsami, ta dafa, tururin ya bi bututu ya ɗigo ya zama man girki, wai itanol. Jarka guda ta man ce ta yi ƙafa.

Sai bayan azahar Saje, ɗan sandan unguwarmu, ya iso. Mai baron da ke kawo ɓawo, wanda aka fara zargi, ya ce tun jiya yana asibiti, matarsa na naƙuda. Aka buga waya, haka ne. Ido ya koma kan Dogo, ƙanen Uwar Ɓawo, mai riƙe da makulli, wanda baran nan ya rabu da kwalba.

"Yaya, wallahi ban taɓa ba."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta karɓe makullinta, ta ce Saje ya tafi da Dogo, ita kam ta gaji.

Saje ba mai garaje ba ne. Ya sa Dogo ya hura masa numfashi, babu wari. Ya duba kwaɗo, lafiyarsa lau, ƙusoshin ƙyauren aka zare. Mai makulli me zai kai shi wannan wahalar?

Ni kuwa tuni na hango mai wankin layinmu cikin 'yan kallo. Rana tana narka kwalta, shi ya ja hular sanyi har kan ido. Na taɓa Saje, na yi masa nuni da baki, ya nufe shi.

"Malam, sanyi kake ji?"

"Mura ce, yallaɓai."

"Ɗaga hular."

Ba gira ko ɗaya, goshi ya yi jajir.

Abin da ya faru ke nan: wutar itanol ba ta ganuwa a hasken rana. Wanda ya saba, kamar Dogo, hannu yake karawa daga nesa ya ji zafi. Baƙo kuwa sai ya ƙyasta ashana, ya ga kamar bai kama ba, ya sunkuya ya leƙa.

Mai wanki ya durƙusa. Ya ce tari ya cinye tsohuwarsa, likita ya hana ta zama kusa da hayaƙin itace, gas kuma ya fi ƙarfinsa. Ya ga man girki marar hayaƙi a maƙwabta, kunyar roƙo ta kai shi ga abin da ya fi roƙo kunya.

Uwar Ɓawo ta yi masa alama ya tashi. Ta ce ya riƙe jarkar, amma daga yau wankin ganguna nasa ne. Sannan ta juya, ta saka makullin a tafin Dogo.

"Yi haƙuri, ƙanena. Gyara mana ƙofar."

Mai musu ya zo da girarsa da tsakar rana. Ashana tana aljihuna.